Yadda za ki yi maganar haƙƙin mata a unguwarku mutane su tsaya su ji ki

Kwanaki wata ƙanwata da ta gama jami'a ta kirani a waya ranta a ɓace. Wata 'yar'uwarsu ce mijinta ya saketa cikin dare ya ce ta bar masa gida, ga goyon wata huɗu a bayanta, ita kuma ƙanwar tawa ta kasa haƙuri ta shiga guruf ɗin danginsu na WhatsApp ta zuba dogon bayani rabi Turanci rabi Hausa akan danniyar maza da 'yancin mace. Kafin la'asar kawunta ya ce boko ya ɓata ta, gwaggonta ta ce su dai haƙuri suka sani shi suka gada, wani ɗan'uwa ya ce ta zama 'yar feminis, daga nan aka koma kanta gaba ɗaya aka manta da wadda aka kora da jaririnta. Abun da ya fi ƙona min rai kenan, gaskiya ce a bakin yarinyar nan amma gaskiyar bata amfani wadda aka zalunta da komai ba.

Na daɗe ina irin wannan maganar a islamiyya da wajen suna da zauren adashi, wani lokacin a saurareni wani lokacin a watse a barni, toh abun da na koya ne zan jero miki mataki mataki. Da ke nake magana 'yar'uwa, amma namijin da abun ya dameshi shima zai samu na ɗauka.

Mataki na farko: ki san da wa kike magana, kuma me kike so ya canja

Kafin ki buɗe baki ki tambayi kanki, idan na gama maganar nan wane abu guda ɗaya nake so ya faru? Guda ɗaya fa. A bar Hauwa ta gama sakandare kafin a ɗaura mata aure, ko a ba wa gwaggo rabonta na gona, ko maigida ya dinga barin matarsa zuwa awo. Idan burinki shine kawunki mai shekara sittin ya amince da duk abun da kika karanta a jami'a a zama ɗaya, kin faɗi tun kafin ki fara. Sannan maganar da za ki yi wa 'yanmatan aji uku daban take da wadda za ki yi wa surukai, ta surukai kuma daban da ta 'yan majalisar mai shayi. Kowa akwai abun da yake tsoro. Uwa tana tsoron 'yarta ta rasa miji ko ta jawo abun kunya, uba yana tsoron a ce ya kasa riƙe gidansa, saurayi yana tsoron raini. Idan baki san tsoron mutum ba duk hujjar da kika kawo ta bayan kunnensa za ta bi.

Mataki na biyu: ki tace kalmominki

Anan ne yawancinmu muke zubar da garinmu, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kalmar feminizim ɗin kanta ki ajiyeta a gefe tukuna. Ba wai ina cewa ki ji kunyarta ba, idan an tambayeki kai tsaye ki faɗi matsayinki, amma a kunnen mutanenmu kalmar ta riga ta ɗauki kaya, da an ji ta abun da ke zuwa zuciya shine mace mai raina miji, mai fita ba mayafi, wadda Turawa suka ba kuɗi ta kashe aure. Za ki ƙare lokacinki kina wanke kalma maimakon ki yi maganar matar da aka kora cikin dare.

Fassarar da muke yi ma tana cutar da mu. Duba "daidaiton jinsi" da ake ta faɗa a rediyo da wajen bita. Wallahi na taɓa faɗinta a wani taron mata a wani ƙauye, wata dattijuwa ta miƙe ta saɓa mayafinta ta fita, daga baya aka gaya min ita "jinsi" ɗin da ta ji ta ɗauka maganar auren jinsi na kawo, saboda a nan kaɗai ta saba jin kalmar. Ba laifinta bane. Haka kuma idan kina so ki ce mace ta tsaya da ƙafarta sai kika ce "mace mai zaman kanta", kin san dai me wannan ke nufi a Hausa, kin zagi wadda kike so ki yaba. Ki ce mai dogaro da kanta, ko mai sana'arta, ko mai abun hannunta. Ita ma "'yanci" ki yi hattara da ita, a bakin dattawa idan an ce yarinya ta samu 'yanci ana nufin ta fi ƙarfin kowa, ba mai kwaɓarta.

Muna da namu kalmomin masu nauyi da ba Bahaushen da zai ji ya kauda kai: haƙƙi, adalci, zalunci, amana, alhaki, mutunci. Ki gwada cewa "an ci amanar yarinyar nan" ko "wannan haƙƙinta ne kuma sai Allah ya tambaya" ki ga yadda fuskoki ke canjawa. Manyan kalmomin littafi kuma, irin wadda ake nufin tsarin da ya fifita maza a komai, kar ki wahalar da kanki neman fassararsu, ki kwatanta abun kawai. Ki ce, kun lura idan kuɗin makaranta ya yi ƙaranci a gida wa ake fara cirewa? Idan aure ya mutu wa ake tambaya me kika yi masa? Idan an yi wa yarinya fyaɗe sunan wa ke ɓaci a gari? Duk wanda ya amsa waɗannan tambayoyin a zuciyarsa ya fahimci tsarin ko bai taɓa jin sunansa ba.

Mataki na uku: ki fara da abun da ido ya gani

Kar ki fara da ƙa'ida, ki fara da labari, kuma labarin da ya yi kama da na gidan kowa. Amma ki canja kamanni sosai yadda ba za a gane mai labarin ba, tona asirin mace don ki kafa hujja shima zalunci ne.

Akwai wani abu da nake yi da yake aiki kusan ko'ina, lissafin yini. Sai in ce a zaɓi mace ɗaya a faɗi abun da take yi daga asuba, ni kuma ina rubutawa a allo ko ina ajiye tsakuwa ɗaya akan kowane aiki idan ba masu karatu bane. Hura wuta, ɗumame, wankan yara, shirya 'yan makaranta, shara, wanke-wanke, ɗiban ruwa, surfe, kai niƙa, girkin rana, wanki, jinyar tsohuwa, ga ƙuli-ƙuli ko awara ko kitso da take yi na sana'a, girkin dare, shayarwa cikin dare. Idan tsakuwoyin sun taru sai in tambaya, da za a ɗauko mai aiki ta yi duk wannan nawa za a biyata a wata? Sai ki ji ɗaki ya ɗauki surutu kowa na faɗin nata farashin. Daga nan sai in ce toh wannan matar idan ma'aikacin ƙidaya ya zo ya tambayi mijinta me take yi, me zai ce? Su da kansu za su amsa: "ba ta komai, tana gida." Shikenan, abun da masana suka cika littattafai a kansa na aikin mata da ba'a lissafawa ya shiga, kuma daga bakinsu ya fito ba daga nawa ba.

Alƙaluma kuma kaɗan suke isa. Idan kina da adadi guda ɗaya da kika tabbatar da inda ya fito ki faɗa, idan babu kar ki ƙirƙira, ranar da aka kamaki da ƙarya ɗaya duk gaskiyarki ta baya ta zube. Maimakon kashi kaza cikin ɗari, ki tambayi mata su ƙirga matan da suka sani da suka rasu wajen haihuwa, ko wadda aka kai asibitin Babbar Ruga a Katsina ko asibitin Danja kusa da Maraɗi saboda yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda a gida ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Kusan kowa tana da suna a zuciyarta.

Mataki na huɗu: ki ɗebo hujjarki daga cikin gida

Babban zargin da za'a miki shine kin kwaso abun baƙi. Maganinsa ki san naki tarihin da naki addinin fiye da mai zarginki, kuma ki sani da gaske, ba haddar layi biyu daga Facebook ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya soki malaman zamaninsa da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a gida. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, tana zaɓar dattijan mata ta naɗasu jaji, wato jagorori, ta ba su malfa, su taso daga ƙauyuka da ayarin mata su zo su ɗauki karatu a wajenta cikin waƙa su koma su koyar da na gida. Ki lura da dabararta don ita ce ainihin abun da muke magana a kai: ta san matan karkara ba za su karanta manyan littattafan Larabci ba, sai ta mayar da ilimin waƙa cikin harshensu wadda za'a iya rerawa ana daka ana kaɗi, kuma ta aika shi ta hannun matan da garinsu ya riga ya yarda da su. A siyasa kuma ga Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya da ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana ƙaramar yarinya, aka sha dukanta aka sha ɗaureta saboda tana tara mata tana cewa suma a basu ƙuri'a. A zaɓen 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a na arewa basu jefa ba, sai a 1976 aka ba matan arewa wannan damar. Ki tambayi ɗakin, yau akwai wanda yake ganin layin mata ranar zaɓe a matsayin lalacewa? 'Yan siyasa ma layin matan suka fi zawarci. Toh a lokacin Gambo haka ake kallonsa, abun kunya. Wannan misalin yana sa mutum ya gane cewa abun da ake kira al'ada yana canjawa kuma sama bata faɗo ba.

Ta ɓangaren addini, ki riƙe abubuwan da suke a fili waɗanda ba mai musu a kansu amma an take su a aikace. Komawa ga matar da aka kora cikin dare, aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kar a fitar da matan da aka saka daga gidajensu lokacin idda, aya ta 6 kuma ta yi maganar muhallinsu da ciyar da mai ciki har ta haihu da ladan shayarwa. Da ƙanwata wannan ta rubuta a guruf ɗin, ta ce Kawu don Allah me malamai suka ce akan wannan ayar, da kawun bashi da bakin cewa boko ne. Suratun Nisa'i aya ta 4 ta ce a ba mata sadakinsu, nasu ne ba na waliyyi ba, aya ta 7 ta tabbatar musu da rabo a gado kaɗan ne ko mai yawa, amma je ki ƙauyukanmu ki ga gonaki nawa 'yan'uwa maza suka riƙe da sunan "muna noma mata" shekara ashirin ba ko tiya ɗaya. A Risala da ake karantawa a kowane zaure an ce riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga mace har ta yi aure ta tare, amma mu da an yaye yaro sai a zo a ƙwace. Ga Khaula bint Sa'alaba da ta kai ƙarar mijinta wajen Manzon Allah (SAW) har aka saukar da farkon Suratul Mujadala akanta. Ga Khansa'u bint Khizam, bazawara ce mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara aka warware auren. Ga matan sahabbai da suka ce maza sun rinjayesu wajen ɗaukar karatu a ware musu rana, aka ware musu. Idan kuma 'yan'uwanmu Kirista ne a gabanki, a zumuntar mata ko wani taro, labarin 'ya'yan Zelofehad mata da suka je gaban Annabi Musa suka nemi gadon ubansu aka basu yana nan a littafinsu, sun sanshi.

Amma ga gargaɗi kuma da gaske nake. Kar ki mayar da addini mayafin da za ki lulluɓe wata manufa, mutane suna ganewa, kuma rashin gaskiya ne. Kar ki yi fatawa idan ba malama bace ke. Akwai wuraren da za'a ƙure ki, misali wani zai ce ai a mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, kuma haka yake a littattafan, kar ki ce ƙarya ne. Abun da za ki iya cewa shine malaman da suka ba uba wannan ikon don maslahar yarinyar suka bashi ba don a cutar da ita ba, sai ki dawo da maganar kan cutarwar da kowa ke gani, yaran da ke guduwa daga gidan miji su faɗa tasha, da waɗanda baƙin ciki ya kai su ga aikata abun da ya kai su gidan yari. Haka maganar rabon gado na namiji biyu mace ɗaya, masu fafutuka su kansu ba bakinsu ɗaya ba akai, kuma idan kika buɗe taronki da ita an gama sauraronki. A watan Maris na 2016 majalisar dattawan Najeriya ta yi watsi da ƙudirin daidaita dama tsakanin maza da mata da Sanata Biodun Olujimi ta kawo, kuma maganar addini da gado na cikin manyan dalilan da sanatoci suka kafa, duk sauran abubuwan alherin da ke cikin ƙudirin suka tafi tare da shi. A Nijar ma kundin dokar iyali da aka so kafawa a shekarun 1990 haka ya tsaya bayan ƙungiyoyin addini sun tashi a kansa. Ni a ganina matar da ba'a bata ko rabin da aya ta yanka mata ba, fara ƙwato mata wannan rabin shine aikin gabanmu.

Mataki na biyar: ki je inda mutane suke

Ɗakin taron otal da lemo da kuɗin mota ba nan ake canja tunani ba, waɗanda ke zuwa can yawanci sun riga sun yarda ko kuma ambulan suka zo karɓa. Mata suna taruwa da kansu ba sai kin tarasu ba, a islamiyyar dare, gidan suna, gidan kitso, layin awo a asibiti, wajen zubin adashi. A Maraɗi a 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, asusu ne kawai na zubi da rance tsakanin mata, amma da yake duk sati ana haɗuwa sai zaman ya zama wajen tattauna komai, har wasu daga cikin matan suka kai ga tsayawa takarar kansila. Darasin shine ki shiga ta ƙofar abun da ke da amfani a hannu yau, maganar haƙƙi za ta biyo baya da kanta, macen da ke da jarinta muryarta daban take a gida.

Ki nemi jajinki kamar yadda Nana Asma'u ta yi. A kowace unguwa akwai mace ɗaya da idan ta yi magana an gama, wataƙila ungozoma ce ko malamar islamiyya ko uwar adashi ko matar liman. Ki je gidanta ki gaisheta ki zauna a tabarma ki nemi shawararta da gaske, ba ki je ki karanta mata lakca ba. Idan ta ɗauki maganar ta faɗeta da bakinta ta fi taki tasiri sau goma, kuma ki haƙura da cewa ba za'a ambaci sunanki ba.

A waya kuma, saƙon murya na minti biyu da Hausa zalla ya fi dogon rubutu nisa, saboda da yawan iyayenmu basa karanta boko amma suna sauraro kuma suna turawa gaba. Abu ɗaya a kowane saƙo. Idan bidiyo ne a TikTok ko Facebook ki sa a ranki data tsada take, ki faɗi abun a farkon daƙiƙu. Kuma kar ki raina rediyo, shirin da ake buɗe layi mutane su kira har yanzu yana shiga gidan da ke ba za ki taɓa shiga ba. Masu rubutu kuma ga gajeren labari, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta ta nuna yadda labari ɗaya da aka karanta a rediyo ke tada muhawara akan fyaɗe ko saki ko kishi ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba.

Mataki na shida: maza

Idan kika ce "maza duk azzalumai ne" kin huce haushinki amma kin rasa mutumin da a hannunsa izinin zuwa asibiti yake. Ki yi wa namiji magana ta kan 'yarsa da ƙanwarsa da mahaifiyarsa, mutumin da ba zai ji komai ba idan an ce "mata" zai ji idan aka ce Alhaji da Fatimarka ce aka watso wa kaya waje ƙarfe ɗayan dare fa? Na san wasu 'yan'uwana masu fafutuka basa son wannan salon, suna cewa mace mutum ce ko ba 'yar kowa bace, kuma gaskiyarsu ne, can muke so a kai, amma ta nan ƙofar take buɗewa. Sannan maganar maza ta fi shiga daga bakin maza. A jihar Damagaram an fara abun da ake kira makarantar mazaje da tallafin UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, ana zaɓar magidanta masu mutunci a gari su dinga zama suna tattauna lafiyar mata da haihuwa a asibiti su kuma ja hankalin sauran maza, daga baya tsarin ya bazu zuwa wasu jihohin Nijar. Ke ma ki nemi naki, yayanki ko mijinki ko wani malami mai adalci, ki bashi hujjojin ya kai majalisa. Hadisin da ya ce mafi alherinku shine mafi alheri ga iyalinsa, daga bakin liman ranar Juma'a yafi ƙarfi.

Mataki na bakwai: ki shirya wa suka

Za'a ce Yahudawa ne suka turoki, za'a ce don baki da miji ne ko don aurenki ya mutu, idan kina da aure a ce mijinki ne baya iya dake. Kar ki tsaya kare kanki, ki mayar da maganar kan batun: toh na ji, ni dai ku barni, yarinyar nan da aka hana gadonta me za'a yi akai? Wanda ya ce ai Musulunci ya riga ya ba mace duk haƙƙinta, kar ki yi musu da shi, ki ce Alhamdulillah, toh mu tashi mu je mu karɓo wa wance nata. A intanet ki bambance mai tambaya da gaske da mai neman faɗa, na farko ki bashi lokacinki, na biyun amsa ɗaya cikin ladabi ta isa saboda masu karantawa shiru ba don shi ba. Lokacin da matasan arewa suka fito da labaran cin zarafi a 2019 ƙarƙashin #ArewaMeToo an ga irin zagi da barazanar da suka sha, don haka ki kula da kanki, kar ki sa adireshinki ko hoton yaranki, kuma kar ki ambaci sunan wanda ake zargi a fili ba tare da shawarar lauya ba.

Wadda ta fi min ciwo ita ce sukar da ke zuwa daga mata 'yan'uwanmu, musamman iyaye. Gwaggon da ta ce haƙuri suka gada kar ki ɗauketa abokiyar gaba, shekara arba'in ta yi tana haɗiye abun da kike cewa zalunci ne, idan ta yarda dake nan take kamar ta yarda rayuwarta ta tafi a banza ne. Ki girmama haƙurinta, ki ce Gwaggo kun sha wahala kun riƙe mu Allah ya saka, sannan ki tambayeta a hankali ko akwai abun da ta sha wanda bata so jikarta ta sha. Sau da yawa anan ne za ki ji labarin da bata taɓa gaya wa kowa ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sai dai ki bata lokaci.

Mataki na takwas: kar ki tada magana ki bar mutum a rana

Idan maganarki ta shiga, bayan taro wata za ta jawoki gefe ta ce Anti ni fa abun da kika faɗa shi nake ciki. Dole ki zama kin shirya wa wannan lokacin tun kafin ki fito daga gida. Ki san sunan malami ko mai unguwa mai adalci da za'a iya kai masa sulhu, ki san inda kotun shari'a ta yankinku take da yadda ake shigar da ƙarar ciyarwa ko riƙon yara ko khul'i, ki nemi lambar ofishin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ta Legal Aid ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam a jiharku, ki san matan FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, na garinku, ƙungiyar tun 1985 take aiki kuma tana da rassa a jihohi. Dokar hana cin zarafi ta VAPP da aka sa wa hannu a 2015 a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, kowace jiha sai ta amince da tata, don haka ki bincika matsayin jiharku kafin ki ce wa mace doka ta ce kaza. Idan fyaɗe ne asibiti ake fara zuwa da gaggawa kafin komai, cikin kwana uku akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake bayarwa, kuma kar a wanke kayan da ke jikinta.

Kuma kar ki yanke mata hukunci. Kar ki ce ta fito, kar ki ce ta zauna, ita ta san inda ɗakinta ke mata yoyo kuma ita za ta kwana da sakamakon ba ke ba. Ki gaya mata hanyoyin da ke akwai, ki tambayeta wanne take so, idan ta ce a rakata wajen yayan babanta ne kawai toh ki saka mayafinki ki rakata, idan ta ce ta adana takardar sakinta a wajenki ki adana, kuma abun da ta gaya miki ya tsaya a tsakaninku ko da kuwa zai yi daɗin bayarwa a matsayin misali a taro na gaba.